Ra'ayi: Abin kunya a tarihin bauta ba na bawa ba ne, darasi daga zuriyar Michelle Obama

A shekarar 1850, wani mai gonaki a jihar Karolina ta Kudu ta ƙasar Amurka, David Patterson, ya rubuta wasiyyar yadda za a raba dukiyarsa. Cikin abin da ya lissafa har da wata yarinya ƴar kimanin shekara shida mai suna Melvinia. Da ya mutu a 1852, masu ƙiyasta gado suka yi mata kuɗi dalar Amurka 475. Shekara 159 bayan wannan wasiyya, a watan Janairun 2009, wata mace daga tsatsonta, Michelle Obama, ta tare a Fadar White House a matsayin uwargidan shugaban ƙasa.

Jaridar New York Times ce ta fito da wannan salsala a watan Oktoban 2009, bayan binciken da ƴan jarida Rachel Swarns da Jodi Kantor suka yi tare da masaniyar tarihin zuriya Megan Smolenyak. Da yawa sun ɗauki labarin a matsayin shaidar cewa Amurka ta ci gaba. Amma babban darasinsa yana wani wuri: iyalin da ya tarar da baiwa a cikin kakanninsa ba shi da dalilin sunkuyar da kai, kuma ɓoye ta cin amanarta ne karo na biyu.

Bayan rabon gado, an kai Melvinia jihar Jojiya, gonar Henry Shields, mijin ƴar Patterson, a garin Rex kusa da birnin Atlanta. Wajen 1859, tana ƴar kimanin shekara 15, ta haifi ɗanta na fari, Dolphus. Gwajin ƙwayoyin halitta na DNA, wanda Swarns ta kawo a littafinta American Tapestry na 2012, ya nuna alama mai ƙarfi cewa uban yaron shi ne Charles Shields, ɗan ubangidanta. Yarinyar da doka ke ƙirgawa cikin dukiya ba ta da bakin cewa a'a.

An haramta bauta a Amurka a 1865. Melvinia ta ci gaba da rayuwa a Jojiya tana aikin gona da wankau da ungozoma. Dolphus ya koma birnin Bamingham na jihar Alabama, ya zama kafinta, ya mallaki gidan kansa kafin 1900, ya buɗe shagonsa, ya rasu a 1950. Ɗansa Robert Lee ya haifi Purnell, wanda ya bi sahun baƙaƙen fata kimanin miliyan shida da suka bar kudu suka nufi biranen arewa da yamma a ƙarni na 20, ya zauna a Shikago. Purnell ya haifi Marian, mahaifiyar Michelle. An haifi Marian a 1937, Melvinia kuwa ta rasu a 1938. Ke nan matar da ta zauna a White House tana kula da jikokinta ta zo duniya tun tsohuwar baiwar tana da rai. Masu cewa bauta tsohon zance ne, su tsaya su yi wannan lissafi.

Haɗa wannan salsala bai zo da sauƙi ba. Ƙidayar jama'a ta 1850 da ta 1860 ba su rubuta sunayen bayi ba. Ana sa shekarunsu da jinsinsu da launin fatarsu ne kawai a ƙarƙashin sunan mai su. Sai a ƙidayar 1870 aka fara rubuta tsofaffin bayi da sunayensu. Shi ya sa Ba'amurke baƙar fata da ke neman kakanninsa yakan ci karo da bango a wannan shekara, sai ya koma tonon wasiyyoyi da takardun gado da na ciniki. Takardar da ta mayar da Melvinia kaya ita ce ta adana sunanta. A takardar mutuwarta kuwa, inda ake sa sunan uwa da uba, an rubuta cewa ba a sani ba.

Akwai masu ganin a bar kaza cikin gashinta, domin garin tone-tone kaza ke tono wuƙar yanka ta. Damuwarsu ba ta banza ba ce. Irin wannan bincike yana taɓa rayayyu: jikokin Shields farare sun wayi gari da sanin cewa kakanninsu sun mallaki mutane, kuma suna da ƴan'uwa na jini da ba a taɓa ambata musu ba. Sai dai shirun da aka yi na shekaru fiye da ɗari bai kare Melvinia daga komai ba. Waɗanda ya rufa wa asiri su ne suka yi mata kuɗi.

Akwai kuma haɗarin kwaskware tarihi don ya yi daɗin ji. Littafin Roots na Alex Haley, wanda ya fito a 1976, ya sa ɗimbin Amurkawa neman asalinsu, bayan da ya danganta zuriyarsa da Kunta Kinte na ƙauyen Jufure a Gambiya. Daga baya masana tarihi suka nuna cewa sassa da dama na salsalar ba su dace da takardu ba. Binciken Melvinia ya tsaya da ƙafarsa saboda an gwada maganar baki da takarda da jini, aka bar abin da ba shi da daɗi a inda yake. Tarihin zuriya ba kirarin maroƙi ba ne, da za a zaɓi jarumai a tsallake sauran.

Wannan magana ba baƙuwa ba ce a Nijar. A 2003 ne dokar ƙasa ta mayar da bauta babban laifi, bayan gwagwarmayar ƙungiyoyi irin su Timidria. A watan Oktoban 2008, kotun CEDEAO ta samu gwamnatin Nijar da laifin gaza kare Hadijatou Mani, wadda aka sayar a 1996 tana ƴar shekara 12, ta kuma umarci a biya ta diyyar miliyan 10 na CFA. Har yau ana gorin asali, ana kuma fasa aure idan binciken dangi ya kai ga kakan da aka bautar. Wato ana tono asali don a hukunta jikan wanda aka zalunta, jikan wanda ya yi zaluncin kuwa yana tinƙaho da gidansu.

A 2012 an kafa dutsen tunawa da Melvinia a garin Rex, inda aka bautar da ita, kuma jikokinta baƙaƙe da na dangin Shields farare sun hallara wurin. Ba don jikarta ta shiga White House ta cancanci haka ba. Ta cancanta ne domin ta rayu cikin ƙunci, ta reni ƴaƴanta, ta karɓi haihuwar ƴaƴan wasu. Miliyoyin irinta ba su haifi uwargidan shugaban ƙasa ba, kuma darajarsu ba ta ragu da ƙwayar zarra ba.

Hausawa na cewa waiwaye adon tafiya. Duk iyalin da ke da tsoho a gida, a Shikago ko a Tawa, ya kamata ya zauna da shi tun yana da rai, ya rubuta sunayen kakanni gaba ɗaya, da mai rawani da wanda aka saya a kasuwa. Wanda kuma ya buɗe baki zai yi wa wani gorin bauta, ya fara tambayar kansa: tsakanin wanda aka yi wa kuɗi da wanda ya ƙirga kuɗin, wa ya aikata abin kunya?