Zancen Kasuwa: Babbar mota bakin kwalta take tsayawa

Albasa ta nuna a fadamar Tarka. Manyan motoci masu zuwa Abijan da Akkara sun fara jeruwa a Madawa da Galmi. Amma bakin kwalta suke tsayawa. Mota mai ɗaruruwan buhu ba ta hawan duwatsun ƙauyukan Buza da Keita, ba ta ratsa rairayin korama. In ta kafe, albasa ta kwana biyu cikin zafi, sai ruɓa. Direban kuwa ba ya sake komowa.

Ko a teku haka abin yake. Akwai jiragen ruwa na masu yawon buɗe ido, guda yana ɗaukar mutum fiye da 5,000. A 2021 ƙasar Italiya ta hana irinsu shiga tsakiyar birnin Benis, don ruwan da suke turowa yana cin gindin gidaje. Nesa suke tsayawa, a kwaso mutane.

To, manomin da ke nesa da kwalta, jaki da amalanke da ƙaramar mota su ne nasa. Kuɗin ɗauka kuwa daga buhunsa yake fita. Gara 'yan gari su sa rana guda, su tara buhuna wuri ɗaya, su haɗa kuɗin mota. A gama kafin ruwan farko ya cika koramu.