Iyakar Bagudo: Wane irin ƙarfi dajin ke nema daga soja?

Matashin da ke son shiga Rundunar Sojan Ƙasa ta Najeriya sai ya cika sharuɗɗan shekaru da tsayi da lafiya, sannan ya yi kusan wata 6 yana horo a Depot na Zariya. Wannan ma'auni ne na shiga aiki. Amma yankin Bagudo a Jihar Kebbi, inda Tsamiya ke kallon Segbana ta Jamhuriyar Benin, yana da tasa jarrabawar.

Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40. Da damina fadamun Kogin Neja kan cika, hanyoyi su yanke, motar sintiri ta maƙale a laka. Daga nan sai tafiyar ƙasa, da bindiga da harsasai da sulke da ruwan sha, wani lokaci da abokin aiki mai rauni a kafaɗa. Maharan kuwa kan zo a kan babura, su yi ɓarna su tsallaka iyaka.

Barazanar ba ƙarama ba ce. A Nuwamba 2024 Lakurawa suka kashe mutum 15 a Mera ta Ƙaramar Hukumar Augie, kuma a Janairu 2025 Babbar Kotun Tarayya ta ayyana su a matsayin 'yan ta'adda. A tsallake, gwamnatin Benin ta tabbatar da mutuwar sojojinta 54 a harin ƙungiyar JNIM na 17 ga Afrilu 2025 a yankin gandun dajin W.

Wasu ƙasashe sun riga sun sauya ma'auninsu. A 2022 sojan ƙasa na Amurka ya maye gurbin gwajin da yake yi tun 1980 da sabo mai ɗauke da ɗaga nauyi da jan kaya mai kusan kilo 40, domin ya yi kama da janye wanda aka harba daga fagen daga.

Sai dai gwaji kaɗai ba ya gina jiki. Sojan da ya daɗe a bakin daga ba hutu, ba isasshen abinci, ga zazzaɓin cizon sauro, ƙarfinsa zai zube ko da ya fi kowa gudu a Zariya. Don haka ya kamata kwamitocin tsaro na Majalisar Dokoki ta Ƙasa su tambayi Runduna ta 8 da ke Sakkwato: sau nawa ake auna lafiyar dakarun da ke iyaka, kuma wata nawa suke yi kafin a canje su? Manoman Bagudo da Illo ne za su fara jin amsar a gonakinsu.