Fim ɗin dabbobi masu magana da ya sa yara kuka: Wa zai gaya wa iyayen Rurum shekarun kallo?

A watan Mayun 2025 Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta Jihar Kano ta dakatar da finafinan Hausa masu dogon zango guda 22, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa, bisa hujjar cewa ana sakin su ba tare da an kai mata ta duba ba. An shafe kwanaki ana muhawara a gidajen rediyo da majalisun hira, wasu na yabo, wasu na ganin an takura wa masu sana'a. Sai dai a daidai lokacin da ake wannan ja-in-ja, akwai wani rukunin finafinai da ke shiga ɗakunan yara kullum ba tare da sun bi ta teburin kowa ba, wato na ƙasashen waje. Guda ɗaya daga cikinsu ya isa misali, domin ko a ƙasar da aka yi shi sai da iyaye suka yi ƙorafi a kansa.

Fim ɗin shi ne kashi na uku na Guardians of the Galaxy, wanda kamfanin Marvel ya saki a Amurka ranar 5 ga Mayun 2023. An ciro labarinsa ne daga littattafan zane, kuma James Gunn, wanda ya ba da umarnin kashi na farko a 2014 da na biyu a 2017, shi ne ya rubuta shi ya kuma ba da umarni. Labari ne na wasu 'yan gudun duniya da ke yawo a sararin samaniya cikin kumbo: mutum ɗaya ɗan Adam, da wata bishiya mai tafiya da ake kira Groot, da wata dabbar dajin Amurka mai girman muzuru da ake ce wa rakun, mai suna Rocket, mai ƙaramin jiki da kaifin baki. Kashi biyun farko sun yi suna ne da barkwanci da kiɗa, kuma Marvel mallakar Disney ne tun 2009, kamfanin da duniya ta sani da finafinan yara. Duk uban da ya ga hoton tallar fim ɗin, ga launuka ga dabba sanye da riga, ba zai yi tunani sau biyu ba.

Abin da ke cikin kashi na uku daban ne. Fim ɗin mai tsawon awa biyu da rabi yana komawa baya lokaci zuwa lokaci don nuna yadda aka mayar da Rocket abin da ya zama. An ɗauko shi yana ɗan jariri, aka yi masa tiyata a kai, aka dasa masa ƙarafa, aka ba shi lamba 89P13 a maimakon suna, aka jefa shi keji. A kejin ya tarar da wasu dabbobi uku da aka yi wa irin wannan aika-aika: karen ruwa mai suna Lylla da aka maye hannayenta da na ƙarfe, da wata zomanya da aka rufe wa baki da ƙarfe aka sa mata ƙafafu irin na gizo-gizo, da wata babbar dabbar teku da aka ɗora a kan tayoyi. Suna wasa, suna raɗa wa kansu sunaye, suna mafarkin ranar da za su ga sararin sama. Daga bisani aka harbe ukun a gaban Rocket. Mai yin wannan gwaji, wanda ake kira High Evolutionary, yana neman ƙera al'umma marar aibi ne, kuma da ya ga wadda ya ƙera ba ta yi masa ba sai ya tarwatsa duniyarta da duk mazaunanta. Kusa da ƙarshe ana ɓare fatar da ya rufe fuskarsa da ita, a ga ɗanyen nama. Chukwudi Iwuji, haifaffen Najeriya da ya yi suna a dandalin wasan kwaikwayo na Ingila, shi ne ya fito a wannan matsayi, kuma ya iya muguntar har ta yi yawa.

Martanin 'yan kallo ya rabu gida biyu. Manya sun so fim ɗin ƙwarai. Ya tara kimanin Dala miliyan 845 a gidajen sinima na duniya, kuma da yawa sun ɗauke shi a matsayin ɗaya daga cikin mafiya taɓa zuciya a finafinan Marvel na 'yan shekarun nan. Ƙungiyar kare haƙƙin dabbobi ta PETA ma ta karrama Gunn saboda yadda ya fallasa azabar da dabbobi ke sha a ɗakunan gwaji. A ɗaya ɓangaren kuma akwai iyayen da suka shiga sinima da yara 'yan shekara shida ko bakwai, suka fito da su suna kuka, wasu tun kafin a kai rabi. Jaridu da shafukan ba iyaye shawara sun yi ta gargaɗin cewa wannan ba irin na baya ba ne. An kuma yi surutu a kan wata kalmar ashar da jarumin fim ɗin ya furta a fili, karo na farko a jerin waɗannan finafinai na Marvel, duk da cewa ita ce mafi ƙanƙantar abin damuwa a cikinsa.

Masu kare kamfanin sun ba da amsa mai ƙarfi: an gaya muku. A Amurka fim ɗin na ɗauke da alamar PG-13, wadda ke jan kunnen iyaye cewa wasu abubuwa ba su dace da ɗan ƙasa da shekara 13 ba. A Birtaniya alamarsa 12A ce, ma'ana ɗan ƙasa da shekara 12 ba zai shiga ba sai tare da babba. Ita kanta alamar PG-13 irin wannan rigima ce ta haife ta. A 1984 iyaye sun fusata da finafinai biyu, Gremlins da wani kashi na Indiana Jones inda ake ciro zuciyar mutum yana raye, waɗanda aka sakar wa iyalai da alamar da ba ta nuna tsananinsu ba, sai aka ƙirƙiro mataki na tsakiya a wannan shekarar. Najeriya ma tana da nata tsarin. Hukumar Tace Finafinai ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1993, tana rarraba finafinai daga G, na kowa da kowa, zuwa PG da 12 da 12A da 15 da 18.

To amma alama tana zaune ne a wurare ƙayyadaddu: a jikin hoton talla, a tagar sayar da tikiti, a shafin kamfanin da ke haska fim ta intanet. Yanzu sai a dubi hanyar da fim ke bi kafin ya isa wuri kamar Rurum, a Ƙaramar Hukumar Rano, kusa da madatsar ruwa ta Tiga, ko ƙauyukan Kibiya da ke maƙwabtaka. Sinimar zamani mafi kusa tana cikin birnin Kano, tafiyar sama da awa guda a mota, kuma kuɗin shiga da na mota sun fi ƙarfin yawancin magidanta. Kasuwar faifan da a da ake sarowa daga Ƙofar Wambai ta daɗe da durƙushewa, kuma ko ba komai faifai yana da kwali, kwali kuwa yana iya ɗaukar rubutu. Abin da ya maye gurbinsa shi ne mai tura finafinai: saurayi da kwamfuta a shagon cajin waya, wanda zai cika wa yaro memori da kuɗin da bai kai na kwalbar lemo ba. Daga nan fim ya riƙa tsallakawa daga waya zuwa waya ta Xender. Abin da ke isa hannun yaro suna ne kawai da hoto mai motsi. Babu 12, babu 13, babu wanda ya tambaye shi shekarunsa.

Wannan ba matsalar mutanen karkara kaɗai ba ce. Ɗan kasuwar Kantin Kwari ko ma'aikacin Sakatariyar Audu Bako da ya tura yara gida wajen kakanni a lokacin dogon hutu, ya haɗa su da tsohuwar wayarsa don kada su yi kewa, shi ne ya kai na'urar. Kaka kuwa ba ta jin Turanci. In ta leƙa ta ga dabba na magana, sai hankalinta ya kwanta, ta ce katun suke kallo. A wajenta, da a wajen duk wanda ya tashi da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, dabba mai magana alama ce ta labarin yara. Gaskiya ne tatsuniya ma tana da Dodo, tana da abin tsoro. Amma mai ba da ita tana kallon idon jikanta, in ta ga ya fara maƙalewa a jikinta sai ta sassauta ko ta gajarta labarin. Waya ba ta yin haka.

Akwai kuma batun ma'aunin da ake auna fim mai tsafta da shi a ƙasar Hausa. Tun da aka kafa hukumar tace finafinai ta Kano a 2001, bayan ƙaddamar da Shari'a, yawancin rigingimun da aka yi a kan sutura ne, da rawa da waƙa, da cuɗanyar maza da mata. Haka ma a gida: tambayar da uba kan yi ita ce ko akwai tsiraici, ko akwai sumbata. Idan aka ɗora wannan fim a kan wannan sikeli, zai wuce salin-alin, domin kusan babu ɗaya daga cikin waɗannan a cikinsa. Abin da ke hana yaro barci, wato kukan dabbar da ake yi wa tiyata da harbin aboki a gaban aboki, ba ya cikin jerin tambayoyin. An ɗan taɓo wannan fanni a 2021, lokacin da hukumar ta hana nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya a finafinan Hausa, amma dalilin can shi ne tsoron kada matasa su kwaikwaya. Firgicin ƙaramin yaro wani abu ne daban, kuma har yanzu ba shi da gurbi a muhawarar.

Wani zai ce yaron Rurum ba yaron Landan ba ne. Ya ga an yanka ragon layya, ya riƙe ƙafar kaza, jini ba baƙonsa ba ne. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ta kai inda ake son kai ta ba. Yanka yana da ladubba: a wasa wuƙa, a gaggauta, kada a azabtar, kuma babba na tsaye yana bayani. Abin da fim ɗin ya nuna azabtarwa ce da gangan, ga dabbar da aka riga aka sa yaro ya ɗauke ta tamkar ɗan'uwansa, mai suna da murya da buri. Yaron da bai girgiza da yankan rago ba yana iya kwana yana mafarkin zomanyar nan mai ƙafafun ƙarfe.

Duk da haka, haramta irin wannan fim ba shi ne mafita ba, ko da a ce zai yiwu. Saƙonsa mai kyau ne: tausayin dabba, da ƙin girman kan mai ganin zai gyara halitta da hannunsa. Ɗan shekara 14 da ke wuni yana harbin ƙadangaru da danƙo, ko yana jibgar jaki a hanyar gona, zai iya ƙaruwa da shi, musamman in akwai babba a kusa da zai haɗa masa abin da ya gani da abin da malaminsa ya koya masa game da haƙƙin dabbobi. Matsalar ita ce wayar da ke hannunsa ita ce ƙanensa ɗan shekara biyar ke leƙawa ta kafaɗarsa. Yankin nan kuma ya san yadda muhawarar fim ke ƙarewa idan aka mayar da ita a yi ko a bari. A 2016 Gwamnatin Tarayya ta janye shirin gina ƙauyen finafinai a Ƙofa, cikin Ƙaramar Hukumar Bebeji mai iyaka da Rano, bayan malamai sun yi ca a kansa. An dakatar da gini, amma finafinan Indiya da Amurka da Koriya sun ci gaba da kwarara cikin wayoyin yaran Bebeji da Rano kamar yadda suka saba.

Inda hukumar Kano ke da iko na gaske shi ne kan masu tsayawa tsakanin fim da yaro. Gidajen kallo da masu sayar da finafinai suna ƙarƙashin dokarta, haka ma masu fassara finafinan waje zuwa Hausa, waɗanda aikinsu ke cire shingen harshe ya sa yaro ya fahimci kowace kalma. Ba abu ne mai tsada ba a wajabta wa mai fassara ya buɗe kowane fim da jimla ɗaya da baki, da Hausa, cewa wannan na 'yan shekara kaza ne zuwa sama kuma akwai kaza da kaza a ciki. Jimlar da aka faɗa da murya tana tafiya tare da fim duk inda aka tura shi, kuma kaka za ta ji ta ko da ba ta karatun boko. Mai tura finafinai kuma a sa ya ware na yara a jaka daban a kwamfutarsa, ya rubuta shekarun a gaban sunan kowane fim, wannan ya zama sharaɗin sabunta rajistarsa. Ba sai hukumar ta kalli dubban finafinan waje da kanta ba, tunda an riga an tantance su a Abuja ko Landan ko Amurka, alamar kawai za a kwafo.

Kafin a kai ga haka, aikin ya rage ga wanda ya sayi wayar. Rubuta sunan fim a Google yana fito da alamar shekarunsa cikin ƙasa da minti ɗaya, kuma magidancin da ke Kano zai iya yin haka ya bugo waya Rurum ya ce a goge wane, a bar wane.