Gargaɗi Game Da Fataken Da Ba Su Da Rumfa

 Ya ku malamai da almajirai, ku sani zalunci ne a matsa wa ƙarami a ƙyale babba. Mai tebur a Kasuwar Kurmi ba ya kuɓuta daga mai karɓar haraji. Amma shekara da shekaru irin su Google da Facebook suka yi ta sayar da talla cikin wayoyinmu, riba tana tafiya ƙetare, hujja wai ba su da rumfa a ƙasarmu. Wannan hujja ɓatacciya ce. Sayyidina Umar ya ɗora ushira a kan baƙin fatake saboda hajar da suka shigo da ita.

A 2021 ƙasashe 136 suka yi ittifaƙi ƙarƙashin OECD, sai dai rabon ribar bai hau kan kowa ba sai kamfanin da cinikinsa ya wuce Yuro biliyan 20 a shekara. Nijeriya da Kenya suka ƙi sa hannu, kuma sun yi daidai. A 2023 Nijeriya ta kai maganar Majalisar Ɗinkin Duniya da sunan Afirka, ƙasashe 125 suka goyi baya.

In an ce ai ana karɓar 7.5 cikin ɗari a kan ciniki, mu ce: wannan daga aljihun mai saye yake fita. Abin da muke nema, a cire hakki daga ribar kamfani a ƙasar da aka same ta, hukuma kuma ta bayyana wa talakawa inda kuɗin ya shiga.

Allah ya sa mu dace. Wassalamu.