Wa Zai Ɗauki Sabon Shiga?

A watan Satumban 2019 kamfanin Andela, wanda aka kafa a Legas a 2014 domin koya wa matasan Afirka rubuta manhajar kwamfuta da haɗa su da kamfanonin ƙetare, ya sallami ƙananan injiniyoyinsa sama da 400 a Najeriya da Kenya da Uganda. Bai ɓoye dalili ba: abokan cinikinsa gogaggu suke nema, shi kuwa ya tara sababbin shiga fiye da waɗanda zai iya sama wa aiki. Wannan ya faru kafin korona, kafin kowa ya ji sunan ChatGPT. Tun daga lokacin ya kamata mu gane cewa cikas ɗin wannan sana'a yana wajen samun aikin farko, amma har yau hankalinmu da kuɗinmu suna kan buɗe ajujuwa.

Abin da ya biyo baya ya ƙara tsananta lamarin. Meta ya sallami ma'aikata 11,000 a Nuwamban 2022, Google ya sallami 12,000, Microsoft kuma 10,000 a Janairun 2023. Da yawa daga cikinsu sun koma kasuwa da gogewar shekaru a hannu. Matashin da ya gama kwas na wata shida a Kano ko Zariya, yana neman aikin da ake yi daga gida a biya da dala, da irin waɗannan yake takara, ga kuma dubban masu nema daga Indiya da Brazil. A cikin wannan yanayi gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT a ƙarshen 2023, ƙarƙashin ministan sadarwa Bosun Tijani da hukumar NITDA, da burin horar da mutum miliyan 3, aka fara da rukunin mutum 30,000. Niyya ce mai kyau, kuma ta kai ilimi jihohin da a da ba a waiwayarsu. Sai dai ma'aunin da aka fi yayatawa shi ne yawan waɗanda aka horar, alhali ma'aunin da ke da amfani shi ne mutum nawa ne ke karɓar albashi shekara guda bayan sun gama.

Akwai abubuwan da aji ba ya koyarwa. Ɗalibi yana rubuta 'yar manhajarsa daga farko, shi kaɗai, ba wanda zai yi asara idan ta lalace. Ma'aikaci kuwa tsohuwar manhaja ake miƙa masa, wadda mutum goma suka rubuta suka bar wurin, a ce ya gano dalilin da kuɗin wani ya maƙale tsakanin banki biyu, ba tare da ya ɓata wani sashe ba. Zai koyi karɓar gyara daga na gaba da shi, da faɗa wa mai aiki cewa abin da yake so ba zai yiwu a mako guda ba. Ba wanda ke ba tela shaddar sallarsa don ya nuna satifiket. Yaron shago da kalmasa da ɗinka maɓalli yake farawa, maigida na kallon hannunsa, kafin a bar shi ya taɓa almakashi. Irin wannan zama ƙarƙashin gwani ne ya yi ƙaranci a harkar manhaja.

Masu kamfanoni suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa sai ka ɓata shekara kana koya wa yaro, yana gogewa ya samu mai biyansa da dala ya tafi, musamman tun da darajar naira ta faɗi bayan an sake ta a Yunin 2023. Gaskiya ne. Amma wannan hujjar ita ce ke nuna cewa kasuwa ita kaɗai ba za ta magance matsalar ba, domin kowane kamfani jira yake wani ya horar shi ya ɗauka. Inda kowa ke son amfani amma ba mai son ɗaukar nauyi, nan ne aikin hukuma. Wasu kuma na cewa ƙirƙirarriyar basira ta riga ta cinye aikin ƙananan injiniyoyi, don haka wahalar banza ce. Lalle manhajoji irin su Copilot suna yin ƙananan ayyukan da a da ake ba sabon shiga. To amma abin da na'ura ta rubuta sai an samu mai dubawa, mai dubawar kuma ba daga sama yake faɗowa ba. Ƙasar da ta daina ɗaukar ƙanana yau, nan da shekara goma hayar manya za ta riƙa yi daga waje.

Akwai kuma masu ɗora wa matasan laifi, su ce mai hazaƙa ba ya rasa hanya. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Manhajojin da kowa ke iya sa hannu a gina su a buɗe suke, Google Summer of Code da Outreachy suna biyan ɗan koyo ya yi aiki ƙarƙashin mai lura da shi, kuma wanda ya gina wa wani kantin magani ko makarantar unguwa manhajar da ake amfani da ita kullum ya fi mai satifiket bakwai abin nunawa. Sai dai guraben nan kaɗan ne, kuma wata uku na aikin sa kai yana buƙatar wuta da data da abinci, abin da ɗan talaka ba shi da rararsa.

Tsarin ma muna da shi. SIWES, wanda hukumar ITF ta fara tun 1973, an yi shi ne domin ɗalibi ya taɓa aiki kafin ya gama, ko da yake ɗaliban kimiyyar kwamfuta da yawa a ɗaukar fayil da buga takardu suke ƙare watanninsu. Kirana ga ma'aikatar sadarwa da gwamnonin jihohinmu shi ne su karkatar da wani kaso na kuɗin horarwa zuwa biyan rabin albashin sabon shiga na shekara guda a duk kamfanin da ya ajiye shi kusa da gogagge, su kuma sa wannan sharaɗi a kowace kwangilar manhaja da gwamnati za ta bayar.