Kwamfutar gida ta zama reshen ma'aikata, amma ba ta da mai gadi

Mai shiga Sakatariyar Tarayya a Abuja sai ya wuce masu gadi, fayil ɗin da aka buga wa tambarin sirri kuwa ba ya barin rajistara sai da sa hannu. Amma da an tashi daga aiki, abin da ke cikin fayil ɗin nan yakan fita ta ƙofa guda a cikin filash, ya bi motar haya zuwa Kubwa ko Nyanya ko Lugbe, a buɗe shi da dare a kwamfutar da yara suka wuni suna wasa da ita. Daftarin takardar majalisar zartarwa, jerin sunayen ma'aikata da lambobin asusunsu, jawabin da mai gida bai riga ya karanta ba: duk sukan kwana a can. Mafi raunin wuri a tsaron bayanan gwamnati yau shi ne teburin falon ma'aikaci.

Cutar kwamfuta, wadda ake kira bairos, ba daga sama take faɗowa ba. Galibi mai kwamfutar ne ke ɗauko ta da hannunsa. Filash ɗin da aka kai shagon buga takardu saboda firintar ofis ta ƙare tawada ya shiga na'urar da mutane da yawa suka soka wa nasu a ranar. Ya dawo gida, sai a ga fayiloli sun ɓace, an bar wasu alamomi masu kama da su. Da an danna ɗaya, cutar ta kama. Hanya ta biyu ta fi muni, domin da yardar mai abin ake bin ta. Ana sayen kwamfuta a kasuwa, mai gyara ya zuba mata Windows da Office na sata a kan kuɗi kaɗan, kuma kafin ya zuba sai ya kashe manhajar tsaro, don ita ce za ta hana shi. Wanda ya yarda da haka ya miƙa makullin gidansa ga wanda bai taɓa gani ba.

Sai batun sabuntawa, wanda mutane da yawa ke kashewa don tsimin data. Uzurin yana da tushe, data ta yi tsada kuma albashi ba ya kai ƙarshen wata. Amma a tuna da WannaCry. A watan Mayun 2017 wannan cuta ta kulle fayiloli a kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe kusan 150, tana neman fansar dala 300 a kan kowace, har asibitocin gwamnati a Ingila suka soke ganin dubban marasa lafiya. Kamfanin Microsoft kuwa ya riga ya fitar da gyaran da ke toshe kafar tun watan Maris, wata biyu kafin nan. Waɗanda abin ya shafa su ne waɗanda ba su saka gyaran ba. Yanzu ga wata sabuwa: ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin ya kawo ƙarshen tallafin da yake bai wa Windows 10 na yau da kullum, Windows 7 kuwa an yaye ta tun Janairun 2020. Kwamfutar da ba ta samun gyara, duk kafar da aka gano a jikinta a buɗe za ta zauna.

Hadiman manyan jami'ai suna da tasu matsalar daban, domin mai neman sirrin minista ba ministan yake fara nema ba, wanda ke riƙe masa takardu yake nema. A watan Maris na 2016, John Podesta, shugaban yaƙin neman zaɓen Hillary Clinton a Amurka, ya samu imel mai kama da na Google yana cewa a gaggauta canza kalmar sirri. Aka danna. Kafin zaɓe, dubban wasiƙunsa suna yawo a intanet. Babu manhajar tsaron da ke maganin wannan; hanzari ne ya jawo. Irinsa ne kiran nan da ake yi wa mutane a ce an saka su a wani taro ta intanet, su karanto lamba shida da aka turo musu, daga nan WhatsApp ɗinsu ya koma hannun wani.

Maganin yawancin wannan bai kai kuɗin man janareta ba. Microsoft Defender da ke zuwa cikin Windows ya wadatar ga mai gida in an bar shi a kunne yana sabunta kansa. Ɗora masa wata manhajar tsaro ta sata wadda wa'adinta ya ƙare ƙara rauni ne. Yara su samu nasu asusun a kwamfutar, wanda ba shi da ikon saka sabuwar manhaja. Imel da WhatsApp a sa musu tabbatarwa mai mataki biyu. Muhimman takardu a kwafe su a wani faifai da ake cirewa a ajiye a durowa, domin cutar neman fansa tana kulle duk abin da ta tarar a jone.

Sai dai ɗora wa ƙaramin ma'aikaci laifin duka zalunci ne. Ba don sha'awa yake kai aiki gida ba. An ce masa ne ana son takardar da ƙarfe takwas na safe, alhali wutar ofis ta ɗauke tun azahar. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora alhakin tsare bayanan mutane a kan hukumar da ta tattara su, kuma alhakin nan ba ya sauka don fayil ya koma Mararaba. Gwamnatin da ke ƙoƙarin raba ma'aikatu da takarda ta san cewa aikin zai ƙara komawa kan na'urori ne. Don haka duk ma'aikatar da ke sa ran a yi mata aiki a gida, ta bai wa ma'aikacin kwamfuta mai lasisi, ta buɗe masa imel na hukuma da ke aiki, sashen fasaharta ya riƙa duba na'urar lokaci zuwa lokaci, kuma a rubuta a sarari irin takardun da ba a yarda su bar ofis ba. Kakar kasafin kuɗi ita ce lokacin da manyan sakatarori za su saka kuɗin lasisin a cikin lissafinsu.