Kuɗin wuta a Libreville: mu karanta mita kafin mu yi rigima

Duk wanda ya san 'yan kasuwarmu da ke kai-komo tsakanin Kyé-Ossi da Bitam har zuwa kasuwar Mont-Bouët ta birnin Libreville, ya san mutane ne da ba a cutarsu a ciniki. Mutum zai faɗa maka ribar buhun albasa tun kafin a sauke shi daga mota. Amma abin mamaki, da zarar mun koma masauki aka zo maganar kuɗin wuta, sai mu koma lissafin dokin Rano. Mai gida ya ce kowane ɗaki ya kawo jaka biyar, mu miƙa, bayan kwana goma wuta ta ɗauke, a sake karo-karo, daga nan kuma sai zargin juna da gaba tsakanin mutanen da suke sallah a sahu ɗaya. A ganinmu akasarin wannan rigima ba ta da wani tushe illa rashin duba lambar da ke jikin mita.

Idan ba a manta ba, kamfanin SEEG shi ke sayar da wuta da ruwa a ƙasar Gabon. A 1997 aka damƙa shi ga kamfanin Faransa da daga baya aka sani da Veolia, gwamnati ta karɓe abinta a watan Fabrairun 2018, sannan a watan Agustan 2024 hukumomin riƙon ƙwarya suka sa shi ƙarƙashin shugabancin wucin gadi bayan zargin maguɗi a harkar tikitin wuta. To idan har a can sama ana samun irin wannan, ina dalilin da zai sa ɗan haya ya riƙa biyan kuɗi ido rufe?

Mitar da ta fi yawa a gidajen Libreville ita ce ta biya-kafin-ka-sha, wadda ake kira EDAN. Ka sayi tikiti, ka danna lambobin, mita ta nuna yawan yunit ɗin da ya shiga. Yunit ɗaya shi ne kilowat ɗaya na tsawon awa ɗaya. A nan ne ya kamata mu gyara wata magana da ta yaɗu a tsakaninmu, cewa wai wutar dare ta fi ta rana araha, har wasu na hana iyalinsu guga sai bayan sallar isha'i. Maganar tana da asali, amma ba a nan ba. A Faransa akwai tsarin da ake rage farashi na awa takwas a kowace rana, galibi cikin dare, haka ma a Ingila akwai na awa bakwai. Mitar irin wannan tsari lamba biyu take nunawa, ta rana daban, ta dare daban. Shi kuwa tikitin EDAN, tun a wurin saye aka riga aka yanke farashinsa aka mayar da kuɗinka yunit. Dutsen guga mai wat 1,000 zai cinye yunit ɗaya a awa ɗaya, ko da azahar ne ko da tsakar dare.

Ga wanda ya samu kansa a inda ake da mita mai lamba biyu, lissafin ba wuya. Alal misali, lambar rana ta tashi daga 4,200 zuwa 4,320 a wata, ta dare kuma daga 1,500 zuwa 1,560. Ka sha yunit 120 da rana, 60 da dare. Idan muka ƙaddara na rana sefa 130 ne, na dare 90, kuɗin rana ya kama 15,600, na dare 5,400, jimla 21,000, kafin a ɗora kuɗin rajista na wata da haraji. Waɗannan farashi misali ne kawai muka bayar. Kuma a lura, a irin wannan tsari akan tsauwala farashin rana fiye da na mai farashi ɗaya, saboda haka wanda ba zai iya mayar da kaso mai tsoka na aikinsa zuwa dare ba, yana iya tashi da asara.

Mu dawo kan tamu mitar. Abu na farko shi ne sanin ainihin kuɗin yunit, kuma ba sai an je ofis an tambaya ba. Ka raba kuɗin da ka biya da yawan yunit ɗin da aka rubuta a tikiti. Idan jaka goma, wato sefa 10,000, ta ba ka yunit 80, to kowane yunit ya zauna maka a kan 125, har da haraji a ciki. Farashin yakan bambanta daga gida zuwa gida gwargwadon ƙarfin wutar da aka yi wa mitar rajista, don haka kada ka ɗauki lissafin maƙwabci ka ɗora wa kanka. Daga nan sai a samu ɗan littafi, irin wanda muke rubuta bashi a ciki, a riƙa rubuta abin da ya rage a mita bayan sallar asuba da kuma bayan isha'i. Mako ɗaya ya isa ka san abin da gidan ke ci da rana lokacin da maza ke kasuwa, da abin da yake ci da dare. Idan gida babu kowa da rana amma yunit na zuba kamar ruwa a kwando, to akwai abin da ke sha, ko dai tsohon firji ne, ko kuma wata waya ce ta tsallaka katanga.

Inda muka fi son a tsaya a yi tunani shi ne wannan al'ada ta raba kuɗi daidai wa daida tsakanin ɗakuna. Ana ganin kamar adalci ne, alhali kuwa zalunci ne da ba a ankara da shi ba. Ƙwan fitila na zamani mai wat 10, idan ya yi awa shida a kunne kullum, bai kai yunit biyu a wata ba. Fanka mai wat 60 da ke kwana tana juyawa awa goma tana cin yunit 18. Amma firjin daskarar da ƙanƙara ko nama mai wat 150, ko da rabin yini kawai injinsa ke tashi, zai ci yunit 54. Wato firji guda ya yi daidai da ƙwan fitila 30. A farashin misalinmu na 125, mai ƙwai ɗaya da fanka ya sha wutar da ba ta kai 2,500 ba, mai firji kuwa firjin kaɗai ya ci 6,750. Yaya za a ce ɗan dakon da ya zo ci-rani da tabarma da fanka ya biya daidai da alhajin da ke sayar da zoɓo mai sanyi da ƙanƙara? Sau da yawa shi ƙaramin ba ya iya magana saboda kunya da girmama na gaba, sai dai ya haɗiye, ran da abin ya ishe shi kuma a ce ba shi da ladabi.

Mun san abin da masu gidaje za su ce: shigar da mita ga kowane ɗaki yana da tsada, kuma akan daɗe ana jira. Gaskiya ne. Amma akwai ƙaramar mitar ƙidaya da ake sayarwa a shagunan kayan wuta, wadda ƙwararren mai gyara zai ɗaura wa kowane ɗaki bayan babbar mita, ba tare da an taɓa ta kamfani ba. Ƙarshen wata kowa ya karanta tasa a gaban shaidu, a ninka da kuɗin yunit na tikiti, wutar tsakar gida da ta banɗaki a raba ta daidai. Mai gidan da ya ƙi wannan, ya kuma ƙi nuna tikiti, to 'yan haya suna da dalilin tambayarsa.

Muna kira ga shugabannin al'ummarmu da limamai a Libreville da Oyem da Bitam, waɗanda ƙarar irin wannan rigima ke zuwa gabansu, da su daina yanke hukunci da cewa a yi haƙuri kawai. Su ce a kawo tikiti da littafin da aka rubuta lambobin mita. Sabon zuwa kuma, kafin ya biya kuɗin ɗaki, ya tambayi mutum nawa ke kan mitar, firji nawa ne a gidan, kuma a hannun wa tikiti yake zama.